Ribar Jirgin Ƙasa Ba a Tagar Tikiti Ta Ke Ba

Akwai wata magana da mu ke yawan ji a bakin waɗansu masu ilmi duk sa'ad da aka tā da zancen jirgin ƙasa. Su kan ce wai jirgin fasinja asara ne tsantsa, kuɗin tikiti ba ya biyan man inji da albashin ma'aikata, balle a yi zancen bashin da aka ciwo aka shimfiɗa dogon. Saboda haka, in ji su, gara a haƙura da shi, a zuba kuɗin a kwalta, kowa ya shiga mota ya kama gabansa. Wannan magana ba ta wauta ba ce, masu yin ta kuwa ba maƙiyan ƙasa ba ne. Amma mu dai a ganinmu sun auna abin da mudun da ba nasa ba.

Mun ga ya kamata mu tattauna wannan al'amari da ku malaman makaranta da akawuna, gama ku ne ke riƙe da alli da littafin lissafi, ku ne kuma talakawa ke tambaya in wani abu na Gwamnati ya shige musu duhu. Bashin da aka ci don dogo, da mu da 'ya'yanmu za mu biya shi. To, tun da ya ke haka ne, wajibi ne kowa ya san abin da aka sayo masa da bashin nan, ya kuma san sharuɗɗan da in ba a cika su ba kuɗin ya tafi a banza.

Yadda Dogo Ya Zo Mana

Bari mu koma baya kaɗan. Turawa sun fara shimfiɗa dogo daga Ikko a 1896, ya isa Badun a 1901. A nan Arewa kuwa, a zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, aka tā da aiki daga Baro a bakin Kwara, aka bi ta Minna da Zariya, jirgi ya shiga Kano a 1911. A 1912 aka gama reluwen Ikko da ta Baro suka zama abu guda. Kafin a ƙare gadar Jebba, a bisa jirgin ruwa a ke ƙetare Kwara da taragai.

Ba don son talakan Arewa aka yi wannan aiki ba, kowa ya sani. Auduga Turawa su ke nema don masaƙun ƙasarsu, shi ya sa suka kafa injin gurza a Zariya suka zauna jiran kaya. Amma manomin Kano ya yi nasa lissafin. Ya ga masaƙan gida suna sayen audugarsa da daraja fiye da kamfani, ya ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, in kuwa kasuwa ta faɗi ya iya cin abarsa. Sai ya dasa gyaɗa. Tun daga kakar 1912 buhuna suka cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa, daga nan ne kuma dalar gyaɗa ta samo asali, attajirai irin su Alhaji Alhasan Ɗantata suka bunƙasa. Watau wani ya shimfiɗa hanya don bukatarsa, jama'ar ƙasa suka juya ta ga tasu.

Sa'an nan dogo ya yi ta miƙa rassa. Layin Fatakwal da Inugu ya haɗu da na Arewa ta Kafanchan a 1927, reshen Zariya ya bi ta Funtua da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, na Kano ya isa Nguru a 1930, aka buɗe gadar Makurdi a 1932. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. Babban aiki na ƙarshe shi ne layin Barno, wanda ya tashi daga Kuru kusa da Jos, ya bi ta Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Duka-duka tsawon dogon ya kai kilomita 3,500 da 'yan kai.

A kan yi ta ambaton gyaɗa da kuza da fatu, a manta da mutane. Alhali kuwa abin da jirgi ya yi wa mutane shi ne ya fi daɗewa. Farken da dā ya kan yi makonni da jakuna kafin ya ga teku, sai ga shi yana isa Ikko cikin kwana biyu ko uku. Cinikin goro da na shanu ya koma kan dogo, unguwannin Hausawa suka kafu a Kudu, kamar Sabo ta Badun a 1916, mutanen Kudu kuma suka cika Sabon Garin Kano da na Zariya. Kaduna kanta albarkacin dogo ta zama hedkwata, aka taso daga Zungeru a 1917. Kafanchan da Minna da Funtua da Gusau da Nguru, duk tasha ce ta raya su. Ɗalibin da ya ci jarrabawar shiga kwaleji, da malamin da aka yi wa canjin wurin aiki, da wasiƙar gidan waya, da maras lafiyar da za a kai babbar asibiti, jirgi ne ya ke ɗaukarsu. Wa ya taɓa rubuta wannan a shafin riba na littafin reluwe?

Yadda Muka Bar Shi Ya Lalace

A 1964 jiragen ƙasa na Nijeriya sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11. Shekara goma bayan haka, a 1974, adadin bai kai miliyan 5 ba, ga shi kuwa jama'a ƙaruwa su ke yi. Ruwa ba ya tsami banza. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke layin Gabas. Fari da cutar gyaɗa suka rushe dalar Kano a shekarun 1970, kayan da ke ciyad da reluwe suka ragu. Kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ta zuba kwalta, mai ya yi araha, manyan motoci suka kwashe lodi. Dogon kansa kuwa tun asali da tsimi aka shimfiɗa shi, siriri ne, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, ga kwana-kwana ga hawa da gangara, jirgi ba shi da halin gudu a kansa. Maimakon a sabunta shi, sai aka bar shi da tsofaffin injuna, babu kayan gyara. An ɗauko masana daga Indiya suka riƙe Hukumar daga 1979 zuwa 1982, al'amura suka ɗan farfaɗo, suna tafiya aka koma gidan jiya.

Har ta kai jirgin Ikko zuwa Kano ya tsaya cik shekara da shekaru. Da aka yi wa layin kwaskwarima aka sake buɗe shi cikin Disamba 2012, tafiyar kilomita 1,126 ta kan ci awa 30 ko fiye. Ga wani abin tunani. A shekarar nan ta 1964 da jirginmu ya shiga Maiduguri, a cikinta ne Japan ta buɗe jirginta mai gudun tsiya tsakanin Tokyo da Osaka, kilomita 515 cikin awa 4. Su suka ɗauki shekarar mafari, mu kuwa ta zame mana maƙura. Ba wani abu ya raba mu ba illa kula da abin da aka riga aka mallaka.

Sabon Dogo

A 2006 Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar sabon dogo mai faɗi, ƙafa 4 da inci 8 da rabi, daga Ikko har Kano. Aikin ya tsaya, daga baya aka yanka shi gunduwa-gunduwa. Gunduwar fari ita ce ta Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186 daga tashar Idu zuwa ta Rigasa, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina, aka buɗe ta cikin Yuli 2016. Layin Itakpe zuwa Warri, wanda aka fara tun 1987, sai a 2020 aka buɗe shi. Na Ikko zuwa Badun, kilomita 157, aka buɗe shi cikin Yuni 2021. A shekarar 2021 ɗin kuma aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da na Kaduna zuwa Kano, kilomita 203. Shekarar 2025 ta zo waɗannan biyu ba su kammala ba, tsakanin Badun da Abuja kuma babu sabon dogo.

Gani ya kori ji. Duk wanda ya san Rigasa kafin 2016 ya san abin da tasha ta yi mata: masu tasi da masu Keke, masu abinci, 'yan dako, masu shaguna, har darajar filaye ta tashi. Sa'ad da masu satar mutane suka addabi hanyar mota ta Abuja zuwa Kaduna, jirgin nan ne ya zama mafakar kowa, babba da yaro, har tikiti ya yi wuyar samu, 'yan sari suka shiga tsakani, sai da aka koma sayar da shi ta intanet a farkon 2021. Wannan ya isa shaida cewa jama'a ba su ƙi jirgi ba, rashinsa ne ya tura su mota.

Ina Ribar Ta Ke?

To, mu zo ga lissafin. Na farko, yawan mutane. Tarago guda na fasinja ya kan ɗauki kimanin mutum 80 a zaune. A ce inji guda ya ja tarago 10, mutum 800 ke nan. In za a kwashe su a ƙananan bas masu cin mutum 18, sai an sa mota 45, kowace da direbanta, da tankinta, da tayoyinta, da nata rabon haɗari. Ƙafar ƙarfe a bisa dogon ƙarfe ba ta da tirjiya irin ta taya a kan kwalta, shi ya sa ƙarfi kaɗan ke jan nauyi mai yawa, man da za a ƙona a kan kowane fasinja ya ragu ƙwarai. Dā can da fetur ke da araha ba a damu da wannan ba. Amma tun da aka janye tallafin mai cikin Mayu 2023, kowane ma'aikaci ya ji a jikinsa abin da kuɗin mota ya ke ci daga albashi.

Na biyu, rayuka. Bisa ga ƙididdigar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, mutum fiye da 5,000 suka mutu a haɗarin mota a 2023, haka kuma a 2024. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai ga hukuma. Kowane ɗaya daga cikinsu uban wani ne ko uwar wani, ko ɗan da aka sha wahalar karatunsa. Jirgi ma ya kan yi haɗari, ba mu musa ba, amma in aka gwada yawan mutanen da ya ke ɗauka da nisan da ya ke kai su, ko'ina a duniya ya fi mota aminci nesa ba kusa ba. Maraya ɗaya da aka hana zama maraya, a wane shafi akawu zai rubuta shi?

Na uku, kwaltar kanta. Dogon da ke ɗaukar fasinja da rana shi ne zai ɗauki siminti da taki da hatsi da mai da dare. Injiniyoyi a Amurka sun yi gwaji tun a ƙarshen shekarun 1950, suka gano cewa in nauyin da ke bisa ƙafar mota ya ninka biyu, ɓarnar da ya ke wa hanya ta kan ninka kimanin sau 16. Ashe ke nan tirela guda mai lodin wuce kima ta fi dubban ƙananan motoci cin kwalta. Kowane tarago na kaya da ya tashi daga Ikko zuwa tashar tsandauri ta Kaduna, wadda aka buɗe a 2018, ko ta Dala a Kano, wadda aka buɗe a 2023, ya rage wa Baitulmali kuɗin facin hanya. Wannan riba ce, amma a littafin Ma'aikatar Ayyuka za ta bayyana, ba a na reluwe ba.

Na huɗu, kuma shi ne babba a wurinmu, sanin lokaci. Abin da ke haɗa garuruwa su zama kasuwa guda shi ne mutum ya san sa'ad da zai tashi da sa'ad da zai isa. Ku dubi Kano da Zariya da Kaduna da Abuja, a jere su ke kamar tasbaha. Kano na da Kantin Kwari da Dawanau da Kurmi da masana'antu. Zariya na da Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwa ta Shika. Kaduna na da makarantun soja da ofisoshi, Abuja na da Gwamnatin Tarayya. In jirgi na bin wannan layi sau da yawa a yini, kan lokaci, ɗan kasuwar Kaduna ya yi sammako ya saro atamfa a Kwari ya kwana a gidansa. Likitan Shika ya duba marasa lafiya a Kano ya komo. Malamin da aka kira taro a Abuja ba sai ya biya kuɗin masauki ba. Matar da za ta kai ɗanta asibiti ta zauna a kujera, da makewayi kusa, ba a matse ta mutum huɗu a layi ba. Garuruwa huɗu sun zama kamar unguwannin birni guda, kowanne yana cin amfanin abin da ɗan'uwansa ya mallaka.

Alhazanmu sun ga irin wannan da idonsu. Tun 2018 akwai jirgi tsakanin Makka da Madina ta Jidda, kimanin kilomita 450, tafiyar da bas ke yini a kai ta koma awa biyu da 'yan kai. A nan Afirka ma, a shekarar 2018 ɗin, Maroko ta buɗe nata tsakanin Tanja da Kasabalanka, tafiyar kusan awa 5 ta koma awa 2 da minti 10. Ba mu ce lalle sai mun yi irin gudunsu ba. Abin da mu ke nema shi ne jirgin da in an ce ƙarfe bakwai, ƙarfe bakwai ɗin ne.

Game da zancen asara kuwa, a Ingila da Faransa da Jamus Gwamnati na zuba kuɗi kowace shekara a jiragen fasinja, a Indiya kuma ribar ɗaukar kaya ce ke rufe giɓin fasinja. Ba wauta ke sa su yin haka ba. Mu ma ba mu taɓa tambayar makarantar firamare nawa ta kawo a ƙarshen shekara ba, ba mu tambayi rijiyar gari ko kwaltar da mu ke bi kyauta ba. Me ya sa dogo kaɗai za a ce sai ya nuna riba a tagar tikiti?

Abin Da Masu Suka Ke Faɗi

Duk da haka ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Masu suka na da hujjoji, ya kuwa kamata a amsa su da gaskiya.

Suna cewa bashi ya yi yawa. Gaskiya ne, yawancin kuɗin sabon dogo rance ne daga bankunan ƙasar Sin da waɗansu, da kuɗin waje za a biya, Naira kuwa ta faɗi. Amma bashin da ya fi kowanne ciwo shi ne wanda aka ci aka yi rabin aiki. Dogon da ya tsaya a Rigasa bai taɓa Kano ba, wanda ya tsaya a Badun bai taɓa Abuja ba, kamar gada ce da aka gina ta tsaya a tsakiyar kogi: an biya kuɗin ginshiƙai, ba a ƙetare ba. Kaya masu nauyi da za su biya bashin suna tsakanin teku da Kano ne. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Suna cewa babu tsaro. Ba za mu manta da ran 28 ga Maris 2022 ba, sa'ad da 'yan ta'adda suka fasa dogo kusa da Katari, suka buɗe wa jirgin Kaduna wuta, suka kashe mutane, suka tafi da fiye da 60 cikin daji. Na ƙarshensu ba su fito ba sai cikin Oktoba, jirgin kuma bai koma aiki ba sai ran 5 ga Disamba. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Amma darasin da ke ciki shi ne a tsare dogo, gama watanni takwas ɗin da jirgi ya yi a tsaye mutane ba su fasa tafiya ba, hanyar da suka guda suka koma. Layi guda sananne, mai tashoshi ƙidayayyu da lokaci sananne, ya fi dubban motoci warwatse sauƙin tsaro, in an so.

Suna cewa direbobi da 'yan kamasho za su rasa abinci. Mu ba mu ga alama ba. Jirgi ba ya shiga ƙauye, ba ya kai mutum ƙofar gida. Mutum 800 da suka sauka a tasha lokaci guda, mota ce za ta rarraba su. Doguwar tafiya ta dare, mai kashe direba da mota, ita ce za ta ragu, gajeren zirga-zirga ya ƙaru.

Suna kuma cewa me ya kai mu Maraɗi? Masu wannan magana su dubi taswira. Mafi yawan layin a cikin Nijeriya ya ke, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse, ƙasashen da tun zuwan Turawa ba su taɓa jin kukan jirgi ba. Ciniki tsakanin Kano da Katsina da Maraɗi kuwa ya girmi iyakar da ta raba su. Jamhuriyar Nijar ba ta da teku, a dā kayanta da yawa ta Kwatano su kan bi. In dogo ya haɗa Maraɗi da Ikko, tashoshin jiragen ruwanmu ne za su ci riba. Sai dai wannan ma ya komo ga maganarmu ta fari: in Kano ba ta haɗu da Kaduna ba, Abuja ba ta haɗu da Badun ba, layin Maraɗi reshe ne da ba shi da gindi.

Shawararmu

Saboda haka muna jan hankalin Gwamnati da wakilanmu na majalisa ga waɗannan abubuwa.

A gama abin da aka fara kafin a aza sabon harsashi. Kaduna zuwa Kano da Badun zuwa Abuja su ne ƙashin bayan dukan sauran.

A ware kuɗin gyara cikin kasafin kowace shekara, kada a taɓa su. Tsohon dogo rashin gyara ne ya kashe shi, sabon ma ba tsafi gare shi ba. A horad da samarinmu aikin inji da na sigina, ga Cibiyar Fasahar Sufuri nan a Zariya, don kada kullum in kusa ta kwance sai an jira baƙo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A riƙe lokaci, a kuma yawaita tashi. Jirgin da ke tashi sau ɗaya a yini, ko wanda ba a san ranar da zai fasa ba, ba ya gina kasuwa. Hukumar ta riƙa buga wa jama'a lissafinta: fasinja nawa aka ɗauka, nawa aka samu, sau nawa aka makara. Mai biyan bashi yana da hakkin ganin littafi.

A tuna da talaka. A bar taragai masu sanyi da kujeru masu taushi ga mai hali, ya biya da tsada, amma a sa waɗansu masu araha da mai kwandon tumatir zai iya shiga, a kuma sa jirgin da zai riƙa tsayawa a ƙananan tashoshi. Ƙauyen da jirgi ke wucewa ta bayansa kullum bai taɓa tsaya masa ba, da wuya ya ɗauki dogo nasa.

A haɗa tasha da gari. Idu na nesa da tsakiyar Abuja, Rigasa ma haka ta ke da Kaduna. Ƙaramin jirgin cikin Abuja da aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka maido shi a 2024, misali ne na abin da a ke bukata. Awa biyu a jirgi, sa'an nan awa guda a neman mota, rabin amfanin ya zube.

Kada a yar da tsohon layi. Jirgin sabon dogo ba ya hawa tsohon, faɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba a yi kusa kai sabon Nguru ko Ƙauran Namoda ko Maiduguri ba. Gyaran tsohon ya fi gina sabo araha, jirgi mai tafiya a hankali kuwa ya fi babu. Cikin Maris 2023 an gyara Tsarin Mulki, jihohi sun sami ikon shimfiɗa dogo da gudanad da shi. Jiha guda ba za ta iya ba, amma hannu da yawa ke ɗaukar jinka. Gwamnonin Arewa su zauna su dubi wannan, har da Sakkwato da Yola da dogo bai taɓa zuwa ba.

Saura namu. Ɓarayin da ke kwance ƙarafan dogo suna sayar wa 'yan gwangwan ba daga sama su ke faɗowa ba, a cikinmu su ke, mai saye ma an san shi. Sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwa su sa ido a kan layin da ya ratsa ƙasarsu. Ku malamai ku gaya wa yara cewa kusa guda da aka cire tana iya kifar da tarago cike da mutane, wataƙila da nasu a ciki. Ku akawuna, in kun shiga jirgi ku sayi tikiti ta hanyarsa, ku karɓi shaida, kada ku ba ɗan sari ko kwabo. Dukiyar Gwamnati ba ta da wani mai ita in ba mu ba.

Kakanninmu an kawo musu dogo ba da shawararsu ba, suka mai da shi arzikin Arewa. Mu kuwa da kuɗinmu da sunanmu aka ciwo bashin wannan. In muka bar shi ya bi sawun na farko, ba mu da Baturen da za mu ɗora wa laifi. Allah Ya ba shugabanninmu ikon cika abin da suka fara, Ya kiyaye matafiya a dogo da kwalta, Ya zaunad da ƙasarmu lafiya, amin.